Dalmar Kyaftin Luizos

An ce baƙo raɓa ne, to a garinmu Kotronaki raɓar ta ƙi bushewa. Alois Hirlinger ya zo ƙasar Mani yana saurayi, hafsa cikin sojojin Bavariya da aka turo su karɓe bindigogin mutane. Sojoji suka koma gida, sarkin da ya kawo su ma aka kore shi, shi kuwa gogan ya tuɓe kaki ya zauna daram. Ya sayi gangaren zaitun, ya auri Garufaliya 'yar gari, ya koyi zagi da harshenmu har ya fi mu iyawa. Sunansa ya gagari baki, aka mai da shi Kyaftin Luizos.

Kada ku ɗauka son mulki ne ya sa shi neman kujerar magajin gari da furfurarsa. Tsoro ne. An yi fari shekara biyu a jere, sai Zanetos Kurelakos mai awaki ya fito takara da alkawari ɗaya tak: zai buɗe tsohuwar rijiyar tara ruwan sama da ke ƙarshen gonar Kyaftin, wadda aka danne da falalen dutse tun shekarar tawaye, lokacin da mutane suka ƙi miƙa bindigoginsu. A shekarar ce Kyaftin ya kama mazan garin, ya ce wa mata an tafi da su kurkuku a birni, daga baya aka ce zazzaɓi ya cinye su can. Ƙarya ce tsagwaronta. Ko bayan tudu ba su wuce ba. Suna cikin rijiyar nan, kowa da harsashin dalma a jikinsa, har da Dikeyos, yayan Garufaliya.

"Kyaftin, kai da ko taron coci ba ka iya zama, me za ka yi da kujera?" in ji Zanetos a gidan gahawa. "Ko tsufan ne ya zo da gardama?"

"Ruwan rijiyar nan guba ne, na sha gaya maka."

"To a buɗe mu gani mana! Awakina ba su san guba ba, ƙaya ma ci suke."

Aka kwashe da dariya, Kyaftin ma ya yi ta yaƙe. Daga ranar ya saki bakin aljihu. Ya yanka awaki, ya fasa gangunan giya, duk jaririn da aka haifa shi ne uban baftisma. Mutane suka ci, suka sha, suka yi godiya, ba wanda ya gaya masa abin da ke ransa.

Ranar zaɓe aka jera akwatuna a coci, kowane ɗan takara da nasa. Akwatin kwano ne, rabi fari rabi baƙi, da bututu guda da mutum ke zura hannu har gwiwa ya saki ƙwallon dalma ta inda ya so, fari in yana so, baƙi in ba ya so, ba mai gani. Akawun gwamnati da ya zo daga birni shi ke miƙa wa kowa dalmarsa, sabuwa fil, mulmulalliya.

Da hantsi layi ya zo kan Kyaftin. Ya zura hannu cikin akwatinsa, sai ya ji sanyi kamar ya tsoma shi a randa. Kafin ya saki dalmar, wani abu ya zare ta daga yatsunsa a hankali, yadda ake karɓar sadaka. Ya fizgo hannu. Hannun rigarsa sharkaf yake, yana warin tsohon ruwa da gansakuka.

"Lafiya, ranka ya daɗe?" in ji akawu.

"Zufa ce," ya ce. Ya fita waje ya jingina da bango.

Da la'asar aka buɗe akwatuna a gaban jama'a. Baƙin gefen Kyaftin cike yake, mutanen gari sun ci namansa sun kuma yi masa baƙi, kamar yadda aka saba. Ya ce a ransa shi ke nan, rijiya ta buɗu. Sai akawu ya juye farin gefen a kan tebur, ruwa ya fara zubowa, kore shar, sannan dalma ta biyo baya da ƙara. Mulmulallun 'yan kaɗan ne, na ma'aikatan gonarsa. Sauran duk a lotse suke, wasu sun baje kamar kwabo, wasu sun tsage, sun yi fari-fari don daɗewa.

A garin da kowane yaro ya tashi da bindiga, ba sai an gaya wa kowa yadda harsashi ke komawa in ya daki ƙashi ba.

Akawu dai so yake ya kama hanya kafin rana ta faɗi. Ya ƙirga, ya goge hannu ya ce, "Dalma dalma ce. Kyaftin ne a gaba. Akwai mai ƙorafi?"

Duk aka juya ga Zanetos, mutumin da ko kan farashin cuku sai ya kai ƙara. Ya ɗauki guda ya sansana, ya dubi hannun rigar Kyaftin da bai bushe ba, ya ajiye ta a hankali.

"Ba ni da ja," ya ce. "Waɗanda suka zaɓe shi sun girme ni."

Haka Kyaftin ya ci zaɓe. Rijiya ta tsira, ba mai ikon taɓa ta sai da izininsa. Amma ba a harba bindiga ko ɗaya ba, ba a yi guɗa ba, ya koma gida shi kaɗai kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Kashegari akwai zagayen godiya. Wanda ya ci dole ya bi gidajen masu zaɓensa ɗaya bayan ɗaya, ya cire hula a ƙofa, ya kira sunan maigida ya gode masa. Wanda ya tsallake gida ba a sake gaishe shi har ya mutu. Garufaliya ta goge masa kwat, ta tsaya ya sa, ta gyara masa wuya. Ya bi gidajen ma'aikatansa, kafin rana ta take ya gama, ya dawo ya tarar da ita a ƙofa riƙe da sandar ƙarfen da ake ɓanɓare duwatsu a gona. Bayanta duk garin ne a tsaye, maza da mata.

"Na gama, uwargida," ya ce.

"Ba ka gama ba, maigida. Waɗannan 'yan tsirarun ne suka ɗora ka?"

Ya buɗe baki zai ce guba, zai ce kurkuku, zai ce zazzaɓi, ƙaryar da ya fi shekara talatin yana yi ta ƙi fitowa. Wallahi har tausayi ya ba ni, tsoho tukuf a tsakiyar rana. Ya karɓi ƙarfen. Ya yi gaba ta cikin itatuwan zaitun, gari na biye.

Ba wanda ya kama masa. Shi kaɗai ya soka ƙarfen, ya danna, ya sake dannawa, har dutsen ya gusa. Iska mai sanyi ta fito, da warin nan na hannun rigarsa. Ya cire hula, ya durƙusa a baki, ya leƙa cikin duhun, leɓunansa na motsi ba sauti.

Garufaliya ta matso kusa da shi.

"Da suna ake yi, Kyaftin," ta ce. "Fara da Dikeyos, shi ne babba a gidanmu."