Guɗa a Gonar Rake

Shekara ta uku ke nan da 'yan Bargi, mahara a kan dawakai daga ƙabilar Maratha, suka mai da ƙasarmu rumbunsu. Da damina ta wuce, hanya ta bushe, sai su sauko. Wannan karon da muka hango hayaƙi a ƙauyen gabanmu, muka bar shinkafa a kan murhu, muka shige gonar raken Gadadhar, mu wajen arba'in. Daga can muna jin haniniyar dawakansu a bakin tafkinmu.

Ni ce ungozomar garin, kuma naƙuda ba ta ga ranar kama Khiroda matar masaƙi ba sai wannan. Shekara goma sha ɗaya da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Uwar mijinta, Nistarini, babu ɗakin bautar da ba ta kai madara da ayaba ba don roƙon jika.

Gadadhar ya rarrafo ya ce, "Inna, ki toshe mata baki. In ta yi ƙara ɗaya, kashinmu ya bushe."

"Sau nawa ka haihu da za ka koya mini aikina? Matsa can, sarkin tsoro."

Khiroda ta ciji bakin zanenta, ko tari ba ta yi ba. Yaro ya faɗo, namiji. Kafin ya buɗe baki na manna shi a ƙirjinta. Mun yi dabarar uwa, mun yi ta jariri, amma ba wanda ya tuna da tsohuwa.

A wajenmu in aka haifi namiji, guɗa ake rangaɗawa, don mugun abu ya nisanci yaron. Nistarini ta leƙo ta ga abin da ta daɗe tana roƙo, sai bakinta ya riga hankalinta. Abin da har yau yake ci mini rai, mata uku suka amsa mata, kuma har da ni. Shekara talatin ina amsawa, harshena bai nemi izinina ba.

Haniniyar ta ɗauke. Muka kalli juna. Can sai ƙaurin ɗanyen rake ya iso mana ta ɓangare uku. Maharan sun cinna wa gonar wuta, muka ruga ta ɓangaren da ya rage.

Mu tara muka kai bakin kogi. Babu Khiroda, babu Nistarini, babu Gadadhar. Yaron yana hannuna, ni na raine shi.

Yanzu ya zama magidanci. Wani lokaci yakan tambaye ni, "Kaka, ni kuwa an yi mini guɗa ranar da aka haife ni?"

Nakan ce masa an yi.