Babban Yatsan Sajan Barau

Ni ne Siddiq, mai riƙe da makullin ɗakin makamai a ofishinmu na Maigatari. Tare muka shiga aikin ɗan sanda da Barau, tun ana zuwa Gumel a bayan akori-kura. Kai, zamani! Lokacin ƙuruciya na ɗibarmu, kaki ya sha guga, mu tsaya a kasuwar dabbobi ran Alhamis muna jin babu ya mu.

Fistol ɗin da aka fara ba mu tsohon yayi ne. In ka ɗana shi, 'yar gudumar da ke ƙeyarsa sai ta koma baya ta tsaya, tana jiran a taɓa kunama ta faɗo ta daki harsashi. In ka fasa harbi, sai ka danne ta da babban yatsa, ka ja kunama, ka sauke ta a hankali. Yatsa ya zame, shi ke nan, sai dai a ji ƙara. A nan Barau ya yi suna. Yakan sauke ta yana hira, ko kallonta ba ya yi.

Da aka kawo sababbi masu ɗan maɓalli a gefe, wanda in ka danna zai sauke gudumar da kansa, ya kuma tare ta kada ta kai ga harsashi, Barau ya ce wannan na ragwaye ne. Cikin ƙananan 'yan sandanmu ba yaron da bai sha gori a wurinsa ba.

To, bara hannunsa ya fara rawa. Ni kaɗai na lura. Ya daina shan shayi a cikin mutane, gaisuwa ma sai dai ya ɗaga hannun hagu daga nesa. Burinsa ɗaya, ya yi ritaya yaran nan ba su gani ba. Wallahi tausayinsa ya hana ni tsokanarsa, ni da ba na raga masa.

Ran da zai miƙa makami, yara suka cika ɗakin. Ya zare gidan harsashi, ya ja saman bindigar baya, ya duba ba kome ciki. Guduma ta tsaya a ɗane. Sai Rayhana, sabuwar kurtu, ta ce, "Yallaɓai, a nuna mana saukewar da ɗin mana da yatsa, ko sau ɗaya."

Na ce, "Ke, bar shi, mota yake sauri." Barau ya harare ni. Ya karkata bakin bindigar ƙasa, ya ɗora yatsa, ya ja kunama. Yatsan ya yi rawa, ya zame. Ƙas!

Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Kun gani?" ya ce. "Da da harsashi, da yanzu wani ba ƙafa. Ku riƙa danna maɓallin nan, ku manta da surutuna. Ni ma tun bara shi nake dannawa in kun juya baya."

Ya ajiye bindigar a kan tebur, ya miƙo mini hannun dama a gaban kowa. Na kama da hannu biyu. Karkarwa yake kamar ɗan tsakon da ruwa ya daka.

"Siddiq, sake ni mana."

Na ce, "Ba yanzu ba."