Tagar da Inna Ta Goge

Inna mai shara tana matse tsumma a bokiti lokacin da ta ji Injiniya ta ce "Innalillahi" da wata murya da ba ta taɓa ji daga bakinta ba.

Ta leƙa ɗakin gwaji. Injiniya na tsaye gaban tagar gabas, riƙe da na'urar awon wuta, tana jijjiga ta. Rana ta fito tar, ta cika gilashin, amma 'yar fankar da aka jona da tagar ko motsi ba ta yi.

Shekara uku Injiniya ta yi tana fama da aikin tagar nan. An shimfiɗa wa fuskar gilashin wasu wayoyi, wai sun fi silin gashi siranta sau dubu. Su ke shan hasken rana su mayar da shi lantarki, mutum kuma ya ga waje sarai. Abin da ido ke gani kawai ɗan dishi-dishi ne, kamar hucin baki a madubi. Ba a kai ga rufe su da gilashi na biyu ba.

Dishi-dishin nan ne ya tsone wa Inna ido. Shekara goma sha tara tana goge ginin nan, ba a yi gilashin da ya gagare ta ba. Tsakani da Allah, Injiniya ta gaya mata tun ranar da aka kafa tagar: "Inna, wannan ki bar mana ita, kada ki wahalar da kanki." To, amma ai haka yarinyar take faɗi a kan komai, ko kujera Inna za ta ɗaga sai ta ce a bari. Inna ta ɗauka kara ce irin ta 'yar gidan mutunci, kuma wanda aka yi wa kara ba ya miƙe ƙafa. Da ta ji manyan baƙi za su zo yau su ga aikin, sai jiya bayan an tashi ta hau benci da soso da garin sabulu, wai ba za a kunyata yarinyar da ta ɗauka tamkar 'yarta da taga mai datti ba. Ta sauko tana nishi, tana yaba wa kanta.

Farfesa, shugaban sashen, ya shigo ya gyara tabarau, ya shafa gilashin da yatsa.

"Wayoyin sun zube," in ji shi. "Na faɗa miki ba za su jure zafin rana ba."

"Ranka ya daɗe, na gwada su sau ɗari."

"A kan tebur kika gwada. Ga taga, mako biyu kacal ta cinye su. Da azahar za ki gaya wa baƙi aikin bai yi ba, mu rufe shi."

Ya fita. Inna tana baranda, tana dirzar tayil ɗaya har ya kusa hujewa. A kamfanin sharar da ya ɗauke su aiki, wata ta fasa kofi aka sallame ta, balle wannan. Ga mijinta Malam a gida, ɓarin jikinsa ya shanye, da tsintsiyar nan ake ci ake sha. Kuma ba wanda ya gan ta. In ta ja bakinta ta yi gum, magana ta mutu ke nan.

Ta shiga kwashe kwandon takardu, kanta a ƙasa. Injiniya na zaune, idanunta sun yi ja, tana rubuta abin da za ta faɗa wa baƙin. Ta ɗago.

"Inna, sannu da aiki. Ya gwiwar? Kin sha maganin kuwa?"

Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Kunya da nadama suka rufe Inna, kwandon ya suɓuce daga hannunta.

"'Yata, ba rana ba ce. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na goge ta jiya. Na ga ta yi hazo, na ce baƙi za su zo."

Injiniya ta ajiye biro. Sannan ta tambaya a hankali, "Da me?"

"Soso da garin sabulu."

"Nan take suka fita?"

"Ina! Sai da na yi mata wanki uku. Ban taɓa ganin datti mai taurin kai irin wannan ba."

Injiniya ta dafe baki. Kafaɗunta suka fara rawa, Inna ta kasa gane kuka ne ko dariya.

"Wanki uku," in ji ta. "Ashe wayoyin sun kama gilashin da kyau. Inna, sun kama!" Ta yaga takardar da take rubutawa, ta miƙe, sai kuma ta tsaya cak a bakin ƙofa. "Amma Farfesa ba zai yarda ba sai na faɗi wanda ya goge. Kin san abin da zai biyo baya."

"Na sani."

"Bari na ce ban sani ba, wataƙila..."

"Ki yi ƙarya a kaina, ya ƙi yarda, mu yi biyu babu?" Inna ta goge hannuwanta a zani, ta gyara ɗaurin kallabi. "Wuce mu je. Amma ki tafi a hankali, matakalar nan ba ta shiri da gwiwata."