Madaci Mai Lamba Ɗaya

Takardar ta iso ranar Litinin, layi uku kacal. Za a sare madaci mai lamba ɗaya kafin damina ta kankama, kuma mai kula da lambu ne zai shafa masa jan fenti. Zadok ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu.

Shekararsa talatin da ɗaya yana kula da Lambun Bature, fili mai eka tara a gefen hanyar da ta haɗa Jimeta da Yola. Wani jami'in gandun daji ne ya kafa shi a 1934 don ya gwada itatuwan da ƙasar za ta karɓa. Kowace bishiya na da farantin ƙarfe mai lamba da suna. A da sun kai ɗari uku: tsamiya, kanya, ɗorawa, giginya, turare. Yanzu saura tamanin da 'yan kai. Madacin shi aka fara dasawa. Sai mutum uku sun haɗa hannu suke zagaye gindinsa.

Hayatu, jami'in da ya sa hannu a takardar, ya zo da kansa ranar Laraba. Ya tsaya nesa da inuwar.

"Baba Zadok, watan jiya reshe ya faɗo kan Keke Napep. Da da mutum a ciki fa?"

"Babu kowa a ciki, Yallaɓai."

"A wannan karon."

"Yana da rai. Dubi can sama, ganye ne."

"Na gani. In kana so ma sai in ƙirga maka su, ba zan makara ofis ba."

Zadok ya roƙi kwana biyu. Ya ce in ya duba ɓawon gefen arewa ya tarar da ruwa a ciki, a rage rassa kawai. In ya bushe, zai shafa fentin da hannunsa. Hayatu ya yarda, ya tafi.

Asalin ciwon ya koma ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da mutanen Mubi da ƙauyukanta suka kwararo Yola a ƙafa suna gudun hijira. Kusan mutum ɗari huɗu suka sauka a lambun, suka yi wata biyar. Zadok ya roƙe su abu ɗaya: kada a sari itace. Ba su sara ba. Amma zazzaɓi da ciwon ciki sun shiga yara, sassaƙen madaci kuwa magani ne da kowa ya sani. Ya ce kowa ya ɗibi kaɗan.

A garuruwansu akwai ƙa'ida: ba a sassaƙa inda wani ya riga ya sassaƙa sai wurin ya warke, sai a nemi sabon gefe. A ƙauye, inda mutum biyu ko uku ke zuwa a shekara, ƙa'idar tana raya itace. A nan kowa ya zo sai ya ga raunin na gabansa, ya matsa gefe da ladabi, ya yanka. Cikin mako shida raunin ya kusa zagaye gindin. Itace kuwa ta ɓawo yake ci. In ɓawon ya yanke ta ko'ina, a tsaye zai mutu. Zadok yana can yana haƙa masai da jan tiyo, bai lura ba sai da ɓawon ya rage faɗin taki ɗaya a gefen arewa, inda wata mata mai suna Adawiyya ta ɗaure tamfol ɗinta.

Ya yi mata bayani. Daga ranar ta jingina tabarmarta da wurin, har aka ba ta ɗaki a wata makaranta ta ƙi tashi. Da wannan ɗan ɓawon da ya rage madacin ya rayu fiye da shekara goma.

Adawiyya ba ta koma gida ba. Tana sana'ar tuyar masa a Jimeta. Zadok ya kira ta a waya, ta zo ranar Juma'a da safe, tana jan ƙafa.

"Dada Adawiyya, kin tsufa," in ji Zadok.

"Kai ma ba yaro ka koma ba. Ina mara lafiyan?"

Suka zagaya arewa. Zadok ya fito da wuƙa ya tsaga ɓawon kaɗan. A da ja ne a ciki, mai danshi. Yanzu gari ya zubo. Ya matsa sama ya sake tsagawa, gara ta fito a jere. Ya gwada wuri na uku, sannan ya mayar da wuƙar kube.

"Ganyen can fa?" in ji ta.

"Abin da ya rage a jikinsa yake ci. Ba zai ga ƙarshen damina ba."

Ta daɗe tana kallon tsoffin raunukan, farare, a jere kamar an auna.

"Mu muka kashe shi."

"Ni na ce ku ɗiba."

"Jikana ya sha. Yana Sangere yanzu, yana karatu a jami'a."

"To."

Ya kawo gwangwanin fenti daga rumfarsa. Murfin ya manne, sai da ya sa ƙusa. Kafin ya tsoma burushi ya miƙa mata wuƙar.

"Can ƙasa akwai ɗan wuri mai sauran ja. In kina so ki ɗiba. Yanzu ba abin da zai rage masa."

Ta durƙusa da ƙyar, ta duba inda ya tsaga sau uku, ta matsa gefe, ta yanki kamar faɗin yatsa biyu. Sannan ta ɗebi ƙasa ta tofa mata yawu, ta shafe raunin, kamar yadda ake yi.

Zadok ya jira ta gama. Ya cire farantin mai lamba ɗaya ya sa a aljihu tare da takardar, ya shafa fentin.