Tuwon Suna a Kan Gaz

Wasila ta sake durƙusawa ta hura itacen, hayaƙi ya cika mata ido, wuta ta ƙi kamawa. Ruwan asuba ya jiƙe lodin da ta tara tun makon jiya, ga shi yau sunan jikanta na fari. Duk Birnin Damagaram an san ta da girkin taro, tuwonta bai taɓa wuce azahar ba. Yanzu hantsi ya yi, dangin maijego suna hanya daga Mirriya, wutar kuran kuma an ɗauke tun jiya. Idan suka iso tukunya ba ta tafasa ba, sunanta ya ɓaci a gaban surukai.

Alkasum, uban jaririn, ya shigo da butel biyu na ƙarfe cike da gaz na girki. A matatar mai yake aiki. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, balle ta yabe shi.

"Inna, ki gwada wannan."

"Fitar min da bam ɗinka! Abincin da bai sha hayaƙi ba ai na asibiti ne."

"Daga ƙasarmu aka haƙo shi, Inna. Da hannuna nake cika irinsa."

Ta dubi rana, ta dubi itacen da ke zubar da ruwa kamar mai mura. Tsoro ya kama ta sosai, amma na kunya ya fi.

"To kunna, ka matsa can."

Wutar ta tashi shuɗiya, ba ƙara. Wasila ta yi bismilla ta ɗora tukunya, tana tuƙi tana harararta. Da miyar kuka ta nuna, ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ba ƙamshin hayaƙi. Sai ta nufi zaure, ta zaro garwashi ja daga murhun shayin maza, ta tsoma a miyar, ta rufe. Can ta tsame shi da ludayi.

Ana kiran azahar ana raba kwanuka. Baƙi suka baje a rumfa, fanka tana juyawa da wutar rana daga allon da ke kan soro. Hajiya Ramlatu, kakar maijego, ta suɗe yatsa.

"Kun ji ko? Girkin itace daban ne. Yaran yanzu da gaz ɗinsu ba za su taɓa iya wannan ba."

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Da Wasila ta yi shiru, da yabon ya zama nata ita kaɗai. Ta hango Alkasum a bakin ƙofa yana jan butel zai ɓoye bayan randa.

"Bar shi nan a gani," in ji ta. Ta gyara ɗaurin kallabi. "Hajiya, a kan gaz na dafa. Namu ne na Damagaram. Wancan da ke tsaye, shi ke cika shi."