Awon Gundura

Tun kafin motar ta bar tashar Gwaram, Malam Barau ya ji a jikinsa cewa wannan tafiya ba za ta ƙare da alheri ba. Yana zaune a matse tsakanin buhun barkono da wata tsohuwa mai kwandon kaji, yana satar kallon ɗansa Haladu, ko zai hango alamar ciwon da aka ce za a duba. Yaron dai ƙalau yake. Ya jingina kai da taga yana kallon karan dawa da aka tara a gonaki.

Barau tela ne. Ya yi elemantare har aji huɗu, ya kuma san bambancin likita da malamin asibiti. Amma wannan Dakta Ƙasimu da ya zo daga jami'a cikin farar fijo ya rikita shi. Ba ya allura, ba ya ba da ƙwaya. Zagaya gari kawai ya yi ta yi, yana tsayar da samari a gindin bishiya yana tambayarsu abin da suke yi idan ba su da abin yi. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, gwamnati na da halin biyan mutum albashi don ya yi irin wannan tambaya. 'Yan majalisar ƙofar shagon Barau sun riga sun yanke hukunci: likitan ƙwaƙwalwa ne, duk yaron da ya zaɓa kuwa, to ya ga wani abu a kansa. Jiya da la'asar aka aiko a kai Haladu Birnin Kudu.

"Kai, da ya tambaye ka, me ka ce masa?" in ji Barau, murya ƙasa-ƙasa don kada tsohuwar ta ji.

"Na ce ina zama, Baba."

"Zama kawai? Ba ka ce kana taya ni sa maɓalli ba?"

"Ai bai tambayi maɓalli ba."

Barau ya yi tsaki. Yaron ya gama aji bakwai tun kafin damina, yana jiran sakamakon jarrabawar shiga sakandare wanda har yanzu bai iso ba. An gama girbi. Ban da zama, me ya rage? Shi kansa Barau ya yi irin wannan zama da ƙuruciya, ba wanda ya zo da mota don ya gani.

Dakta ya ari wani ɗaki ne a bayan asibiti. Ya sa kwat cikin wannan zafi, da lofe a baki wanda ba wuta a cikinsa. Barau ya durƙusa ya fara gaisuwa, bai kai ga tambayar iyali ba Dakta ya nuna masa benci. Aka ɗora Haladu a sikeli, aka gwada tsawonsa da bango, aka ɗaura masa wani ƙyalle a dantse aka hura har ya kumbura. Barau yana ta karanta duk addu'ar da ta zo masa.

"Ranka ya daɗe, haukan ne?" ya tambaya da ya kasa daurewa. "Don a danginmu dai babu. A dangin uwarsa ne akwai wani kawu da yakan yi magana da jaki, shi ma ba kullum ba."

Dakta ya yi dariya ya cire lofen. "Ba hauka nake nema ba, Malam. Wani abu nake bincike a kai wanda a Ingila an rubuta littattafai masu yawa game da shi. Idan matashi ya rasa abin da zai yi da lokacinsa, wani nauyi yakan sauko masa a zuciya. Daga nan sai taba, sai rashin barci, sai barin gida. Wahalata ɗaya, na rasa sunansa da Hausa."

"Ciwon da ba shi da suna?"

"Na ce wa yaran gajiya, suka ce ba su yi aikin komai ba. Na ce kaɗaici, suka ce gidansu cike yake da mutane. Na ce kewa, suka ce kewar wa. Yanzu dai na tsaya a kan gundura." Ya juya wajen yaron, ya gyara zama. "Haladu, ka faɗa mini gaskiya. Gidanku yana gundurarka?"

Barau ya ji kamar an taka masa ƙafa a masallaci. Tuwon dawa kan gunduri mutum, maƙwabci mai yawan aro kan gunduri mutum, amma bai taɓa jin an tambayi ɗa a gaban ubansa ko gidan uban ya gundure shi ba. Wa ke cikin gidan in ba shi da matarsa Kulu ba? Ya zuba wa yaron ido irin wanda ya saba hana shi taɓa almakashi da shi.

Haladu bai dube shi ba. Ya daɗe yana kallon sikelin, kamar mai juya sabon abu a baki.

"E," ya ce.

"Kaɗan, ko da yawa, ko ƙwarai?"

"Ƙwarai."

"Madalla," in ji Dakta, ya rubuta da sauri, fuskarsa fal da murna. "Amsa mai kyau. Yawancin 'yan'uwansa sai su ce alhamdu lillahi, ni kuwa ba ni da wurin rubuta alhamdu lillahi."

Barau ya matso kusa. "To, ranka ya daɗe, tunda an gano, sai magani."

"Ai binciken bai kai nan ba. Awo muke yi tukuna. In na gama da wannan yanki zan haɗa da na wasu garuruwa, a kai wa masana a taro a ƙasar waje."

"Kafin nan fa?"

Dakta ya duba agogo. "A sama masa nishaɗi. Kuna da ɗakin karatu a Gwaram? Wurin iyo? Ƙungiyar matasa?"

"Akwai kogi. Ya ƙafe."

"To, ko ba komai, kada a matsa masa. Babban kuskuren iyaye ke nan. In ya ce zai fita, a bar shi ya fita ya ga duniya. Na gaba ya shigo."

Suka fito suka nufi tasha. Birnin Kudu a kan babbar hanya take, manyan motoci na wucewa zuwa Kano ɗauke da siminti da sababbin babura, direbobi na danna oda kamar ƙasar tasu ce. Barau ya saya wa yaron rake, abin da ya daɗe bai yi ba, suka zauna a inuwar wata rumfa suna jiran motar Gwaram ta cika.

"Ni ne?" ya tambaya a ƙarshe.

"Kai ne me, Baba?"

"Wanda ya gundure ka. Ko uwarka ce? In keken ɗinki ne, ai ba dole. In faɗan da nake yi ne da safe, ana iya ragewa."

"Ba kai ba ne, Baba."

"To mene ne?"

Haladu ya tofar da ɓawon rake. "Wallahi ban sani ba. Da can zama kawai nake yi, ban san yana da suna ba. Da ya faɗa sai na ji ashe haka ne."

Barau ya so ya koma ya shaƙe mai lofen da ƙyallen awon nan nasa. Bai kai ga tashi ba sai ga Maikano, ɗan wan Kulu, wanda ke aikin yaron mota a wata tirela mai zuwa Kano. Ya sa gilashi baƙi da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, rediyo na rataye a kafaɗarsa tana kiɗa. Ya rusuna ya gaida Barau, sannan ya dafa kan Haladu.

"Ɗan boko, har yanzu kana ƙauye kana gadin inuwa? Kawu, ka bar mini shi ya kwana nan wajenmu. Gobe kafin mu ɗaga sai in sa shi a motar Gwaram."

"Ku ɗaga zuwa ina?"

"Kano, daga can Ikko in an sami kaya."

Haladu ya dubi ubansa. Rabon da Barau ya ga idon yaron da haske haka tun ranar da aka rufe makaranta. "A'a" ta zo masa har leɓe, a shirye, irin wadda ya saba faɗa ba tare da ya ɗago kai daga keke ba. Sai ya tuna mutumin da ya karanta littattafan Ingila ya ce kada a matsa. Shi da ya tsaya a aji huɗu, wane ne shi?

"Motar farko," ya ce. "Ka ji ko? Ta farko."

"To, Baba."

Ɗan kamasho ya buga jikin mota, Barau ya shiga shi kaɗai, aka ɗora masa akuyar wani a kan ƙafa. Ta taga ya hango su biyu sun nufi wajen tirelar, Haladu ne ma yake riƙe da rediyon. Motar ta hau hanyar Gwaram. Bai san abin da zai faɗa wa Kulu ba, bai kuma san wace mota yaron zai shiga gobe da safe ba.