Kwalba ta Huɗu

Malam Datti ya ɗaga kwalbar saitin taga, ya runtse ido ɗaya. Babu abin da ke motsi a ciki sai kumfar iskar da ɗan inji ke hurawa ta siririn tiyo. Garin da ya zuba tun asubar jiya Juma'a yana nan yana juyawa a ruwa, launin ƙasa-ƙasa, kamar yadda ya fito daga gwangwani.

"Baban Jummai, shayinka ya huce," in ji matarsa Safara'u daga ƙofar kicin. "Ko yau ma sai 'ya'yan gwamnati sun karya kumallo za ka karya?"

"Waɗannan ba 'ya'yan gwamnati ba ne. Abincinsu ne."

Datti mataimakin jami'in kiwon kifi ne a wata ƙaramar tashar gwaji a Mando. Ranar Alhamis, bayan shekara biyu ana gwadawa ana faɗuwa, ƙwan tarwaɗa ya ƙyanƙyashe musu a baho: 'ya'ya kusan dubu huɗu, kowanne bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Suna fitowa da ɗan guzurin gwaiduwa a cikinsu, wanda ke kai su kwana uku. Daga nan sai abinci mai rai, ƙanƙani, mai motsi. In babu, su fara cin juna, sauran su mutu. Babban jami'i ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in aka rasa waɗannan ma, za a rufe sashen kafin 1978 ta ƙare, a mai da Datti hedikwata ya riƙa jera fayil.

Abincin kuwa shi ne garin gwangwanin: ƙwan wani ɗan mitsitsin jatan lande da ke rayuwa a tafkunan gishiri, wanda aka aiko daga ƙasar waje. Datti ya kwaso kwalabe huɗu da injin zuwa gidansa a Unguwar Kanawa saboda lantarki ya fi zama a can.

Safara'u ta matso ta leƙa gwangwanin. "Wannan dai yaji ne da ya kwana biyu. Ka tabbata ba su zolaye ku ba?"

"Yana da rai. Barci yake yi." Ya gyara tsayuwa kamar mai ba ɗalibai darasi. "In ruwan tafki yana da daɗi, uwar takan haifi 'ya'yanta a raye, su fito suna iyo. In ta ji ruwa na ƙafewa, gishiri ya yi yawa, sai ta daina. Ta koma zuba ƙwai mai tauri. Ya bushe a bakin tafki, ya yi shekaru a haka. Ranar da ya sake samun ruwan da ya dace, kwana ɗaya ya fashe."

"Uwar tana da hankali. Uban fa?"

Datti ya yi gyaran murya. "A wasu tafkunan babu maza sam. Matan kaɗai ke haihuwa."

"Allah Sarki," ta ce. "Shi ya sa suke da tsari."

Datti ya zubar da ruwan jiya, ya wanke kwalaben, ya sake aunawa: lita ɗaya, gishiri giram ashirin da biyar, ƙwai giram biyu. Abin da ya rage a gwangwanin bai fi na kwana goma ba. Safara'u ta tsoma yatsa a kwalba ɗaya ta ɗanɗana.

"Ban da gishiri, ruwan nan lami ne. Ni dai abin da na sani, duk abin da ya yi taurin kai a tukunya, kanwa ake sa masa. Wake ma da ita yake sakin jiki."

"Wannan ba wake ba ne, Safara'u. Kimiyya ce. Don Allah kada wanda ya taɓa min kwalabe."

Ya hau Vespa ya tafi Mando. 'Yan tarwaɗan suna kwance a gindin baho, guzurin cikinsu ya kusa ƙarewa. Ya gwada musu dafaffiyar gwaiduwa da ya murje a ƙyalle. Ko kallonta ba su yi ba, sai ruwan da ta ɓata, ya wuni yana canzawa.

Ranar Lahadi da hantsi ya ɗauki tocila ya tsuguna gaban kwalaben. Ya kashe injin don ruwan ya lafa. Ta farko, 'yan tsiraru ne ke motsi, ya ƙirga su da ido. Ta biyu haka, ta uku haka. Da ya haska ta huɗu sai ya ga wani jan hazo ya taso daga ƙasa ya nufo hasken, dubbai a kan dubbai, suna ta tsalle-tsalle, ɓawon ƙwan kuma ya taru a sama.

"Alhamdu lillahi! Safara'u! Zo ki ga ikon Allah!"

Ta fito riƙe da muciya, ta leƙa, ta gyaɗa kai. "Ta kusa da bango ce ko?"

Ya juyo a hankali. "Yaya aka yi kika sani?"

"Ita na sa wa."

"Na ce kada wanda ya taɓa."

"Ka ce kwalabe. Uku na bar maka."

Datti ya shiga ɗaki ya ɗauko ɗan littafin da ya zo tare da gwangwanin. A shafi na shida, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa in ruwan gari mai laushi ne, ƙwan ba ya fashewa sosai sai an ƙara masa wani farin gari mai kashe tsami. Ya karanta layin sau biyu. Ya rufe littafin ya fito.

"Dama akwai shi a littafi," ya ce.

"Madalla. Ashe Turawan ma suna dafa wake."

Kwalba ɗaya abincin yini ɗaya ce. Kafin ya tafi dole ya jiƙa na gobe. Ya jawo ɗan ma'auninsa da littafin da yake rubuta aikin kullum, ya cire murfin biro.

"Giram nawa kika sa?"

"Giram? Haka na ɗebo." Ta haɗa yatsu uku.

"To, ɗebo a nan."

Ta kawo kanwar a murfin kwano, ta ɗiba ta zuba a ma'auni. Giram ɗaya da rabi. Ya ce ta sake. Giram biyu da ɗan ɗori. Na uku bai kai giram ɗaya ba.

"Wanne ne daidai a ciki?"

"Duka. Ya danganta da ruwan, ya danganta da kanwar. Wannan kanwar ungurnu ce, ta fi ta jiya ƙarfi. Sai na ɗanɗana."

Ya dubi agogo. Ƙarfe tara da kwata, kuma akwai bakuna dubu huɗu a Mando. Ya sake haɗa ruwa, gishiri da ƙwai a sauran kwalabe ukun, ya matsa gefe ya ba ta wuri. Ta bi kwalabe ukun ɗaya bayan ɗaya, ta barbaɗa, ta girgiza, ta ɗanɗana, ta ƙara wa ta tsakiya kaɗan.

Datti ya tace jan hazon a farin ƙyalle, ya ɗauraye, ya juye a gorar ruwa, ya rataya a wuya. Sannan ya sunkuya kan littafin aikin, wanda babban jami'i ke sa wa hannu kowace Litinin. Ya rubuta ruwa lita ɗaya. Gishiri giram ashirin da biyar. Ƙwai giram biyu. A layi na huɗu biron ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya rubuta: "Kanwa: a tambayi Safara'u."